Filin Likitan Dabbobi: Hakkin Fararen Ɓerayen Ɗakin Gwaji

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan dabbobin da ake gwaji da su a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Na zaɓi biyar. Ta farko ce za ta ɗauki yawancin filin, domin ɓerayen da mai ita take magana a kansu suna nan da rai a keji yanzu haka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, kuma aikin kammala digirina a kan ganyen zogale ne da ciwon suga. An ce in sayi fararen ɓeraye talatin, a yi musu allurar da za ta sa musu ciwon, in riƙa ɗura musu ruwan ganyen har kwana 28, sannan a kashe su a cire hanta da ƙoda. Tun makon farko bakwai sun mutu. Ranar Litinin na tarar da kwalaben ruwansu a bushe ƙayau, wasu idanunsu kamar da jini. Na kasa barci, abokaina kuma dariya suke yi mini. Ina da alhaki? Daga wata ɗaliba a wata jami'a.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada dariyar abokanki ta sa ki ji kunyar abin da zuciyarki ta ji. Ɓeran nan yana jin ƙishirwa, yana jin zafin allura, yana jin tsoro, kuma ba shi da ruwan da zai sha sai wanda aka zuba masa. Duk wanda ya kulle dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta. Saboda haka akwai alhaki, kin kuma samu rabonki a ciki, amma rabon malamin da ke duba aikinki da na sashenku ya fi naki, tunda su ne suka miƙa miki rayuka talatin ba tare da sun koya miki riƙonsu ba.

Bari in faɗa miki abin da nake kyautata zaton ya kashe bakwai ɗin nan. Allurar da aka fi amfani da ita a jami'o'inmu wajen sa wa ɓera ciwon suga ita ce aloksan, wasu kuma su yi da sitireftozotosin. Aikinta shi ne lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini. Yayin da ƙwayoyin ke mutuwa sai su juye insulin ɗin da suka tara cikin jini lokaci guda, sugan ɓeran ya faɗi warwas a awowin farko, ya yi ta farfaɗiya har ya mutu. Shi ya sa ake sa musu ruwan gulukos a kwalba a yinin farko. Wanda ya tsallake wannan sai ciwon ya kama shi sosai, kuma kin san halin mai ciwon suga: yawan fitsari da yawan shan ruwa. Kwalbar da za ta kai lafiyayyen ɓera kwana biyu, mai ciwon zai iya shanye ta kafin gari ya waye. Wanda ya cika kwalba ranar Juma'a ya kulle ƙofa sai Litinin, ya bar marasa lafiya cikin ƙishirwa, a kwance kan garin katakon da fitsari ya jiƙa, warinsa na ƙona musu hanci da huhu. Jan abin da kika gani a idanunsu ba jini ba ne. Wani ruwa ne mai launin ja da ke fitowa daga bayan idon ɓera, kuma yana yawaita idan dabbar tana cikin ƙunci ko ciwo.

A shekarun da na yi ina kula da ɗakin dabbobin gwaji, wahalar da na ga sakaci ya jawo ta ninka wadda gwajin kansa ya jawo. Hutun ƙarshen mako, hutun Sallah, yajin aiki, ɗauke wuta, mai riƙe da makulli ya yi tafiya. Ga kuma bazara. Ɓera ba ya gumi kamar mu, ta wutsiya yake rage yawancin zafin jikinsa, kuma ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce ɗakinsa ya tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 26. Ki kwatanta wannan da ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi a garuruwanmu yake haura 40.

Akwai abin da ya kamata ki gaya wa malaminki, domin ko wanda tausayi bai motsa shi ba wannan zai motsa shi. Ƙishirwa tana canza sakamakon gwajin ƙoda. Firgici yana ɗaga sugan jini. Ɓeran da ya kwana biyu babu ruwa, aka fisgo shi ta wutsiya yana ƙara, idan kika auna jininsa, wahalarsa kika auna, ba aikin zogale ba. Sai a rubuta sakamakon a kundi, a ba da maki, wani ya karanta ya ɗauka gaskiya ce. An kashe dabba, ilimin kuma ba a samu ba.

A 1959 wasu masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da har yau su ake bi a ko'ina. Idan akwai hanyar samun amsa ba tare da dabba mai rai ba, a bi ta. Idan babu, a yi da mafi ƙarancin adadin da zai ba da amsa ingantacciya. Waɗanda aka yi da su kuma a sauƙaƙa musu wahala iya ƙoƙari, daga ranar da aka kawo su har ranar mutuwarsu.

Aikinki tun a ƙa'idar farko ya fara tangaɗi, kuma ba laifinki ba ne. Gwajin zogale a kan ɓeraye masu ciwon suga an yi shi, an sake yi, an kuma wallafa shi sau da yawa. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: bai kamata a ce kowane ɗalibin digirin farko sai ya sayi nasa ɓeraye ba. Ɗalibai huɗu ko biyar za su iya tarayya a rukuni guda da aka tsara da kyau, wannan ya duba jini, wancan hanta, waccan ƙoda. Wasu kuma a ba su aikin da ake yi a kwalbar gwaji, kamar auna yadda ruwan ganye ke rage ƙarfin sinadaran da ke narkar da sitaci. Sai dai kada a fahimci ragewa a karkace. Wanda ya sa ɓera biyu a kowane rukuni don tsimi shi ma ya yi ɓarna, domin sakamakonsa ba zai tabbatar da komai ba. Mai ilimin ƙididdiga ake nema ya lissafa adadin tun kafin a sayo dabbobin.

Yanzu ga sauran 23 da ke hannunki. Ki duba su safe da yamma, har Asabar da Lahadi, ko ku yi karɓa-karɓa da abokan aikinki a rubuce. Ki ƙara kwalaben ruwa, ki riƙa sauya shimfiɗarsu kullum. Kada a ware ɓera shi kaɗai sai da dalili, domin dabba ce mai son zama cikin 'yan'uwanta, kuma ki sa musu ɗan guntun bututu ko kwali da za su ɓuya a ciki. Idan za ki ɗauke shi, ki tallafo ƙirjinsa da tafin hannu. Wata masaniya a Jami'ar Libaful, Jane Hurst, ta nuna a 2010 cewa ƙananan ɓerayen da ake ɗagawa ta wutsiya sun fi tsoron mutum da firgita a kan waɗanda ake ɗauka a tafin hannu ko a cikin bututu. Wajen ɗura, a yi da bututun da aka yi don haka, mai dunƙulallen baki, kuma kada a wuce mililita ɗaya ga kowane giram ɗari na nauyinsa. Ɓera ba ya iya amai, abin da kika zuba ya zauna ke nan, idan kuma hannu ya kauce ruwan huhu zai tafi. Don auna suga ɗigo ɗaya ya isa, a soka siririyar allura a jijiyar wutsiya. Datse bakin wutsiya da reza kowane mako zalunci ne. Idan an hana su abinci na dare kafin awo, ba a haɗawa da ruwa.

Ki kuma koyi karanta fuskarsu. Ɓera yana ɓoye ciwo, saboda a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara cinyewa. Amma masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun fitar da ma'auni a 2010: ido ya tsuke, kunnuwa su canza tsayuwa, gashin baki ya miƙe ko ya kwanta. Haɗa da tashin gashin jiki, da dunƙulewa a lungu, da ƙin cin abinci. Ki riƙa auna nauyinsu. Wanda ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, ko ya kasa tashi ya kai ga ruwa, ba a jiran ranar 28. A hutar da shi nan take, a rubuta dalili.

Ranar ƙarshe ita ce ta fi damuna. Har yanzu akwai inda ake jefa ɓera cikin kwalba da audugar da aka jiƙa da kulorofom, wani sinadari mai sumar da wanda ya shaƙe shi. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, wadda ƙa'idojinta na kashe dabba cikin sauƙi ake bi a ƙasashe da yawa, ta sa wannan cikin hanyoyin da ba a yarda da su ba. Yana wahalar da dabbar, yana kuma cutar da hantar ke mai shaƙarsa. Ki nemi likitan dabbobi ko ƙwararren ma'aikacin ɗakin ya yi musu allurar barci mai nauyi, a tabbatar ba sa jin komai kafin wuƙa ta taɓa su, a tabbatar zuciya ta tsaya kafin a zubar. A yi shi a wani ɗaki daban, ba a gaban sauran ba.

Jami'o'i da dama yanzu suna da kwamitin da ke duba irin wannan aiki kafin a fara, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami'ar Ibadan, kuma mujallun kimiyya na kirki ba sa karɓar aiki sai da lambar amincewarsa. Ki tambaya cikin ladabi ko aikinki ya bi ta irin wannan kwamiti. Allah Ya ba ki sa'a, Ya kuma yafe mana abin da ya wuce.

TAMBAYA: Likita, ai ɓera yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya kira fasiƙai, aka halatta kashe su ko a cikin Harami. Me ya kawo maganar hakkinsa? Ga mutane na mutuwa a asibitoci babu magani. Ba al'adar Turawa ba ce wannan ake son ɗora mana? Daga wani malamin Islamiyya.

AMSA: Allah gafarta Malam, hadisin da ka kawo ingantacce ne, fatawa kuma taku ce. Abin da zan roƙa shi ne a ajiye shi kusa da 'yan'uwansa. Wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddad bin Aus yana cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisan, idan za ku yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Kisa aka ambata kafin yanka, ke nan har abin da aka halatta kashewa ya shiga. Ga matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ni dai duk lokacin da na ga kejin da aka manta da shi a lokacin hutu wannan hadisi ne ke faɗo mini, domin siffar ɗaya ce: an tsare, an hana.

Ɓeran da aka ba da izinin kashewa shi ne mai ɓarnar rumbu da yaɗa cuta. Farin ɓeran ɗakin gwaji kuwa mu muka kiwata shi. Irin da ɗalibanmu suka fi saye, wanda ake kira Wista, ya samo asali ne daga wata cibiya a birnin Filadelfiya tun farkon ƙarni na 20, kuma kakanninsa duk a keji aka haife su. Bai ci hatsin kowa ba. Mu ne muke da buƙata a wurinsa.

Buƙatar kuma gaskiya ce, ba na musun ta. Insulin da miliyoyin mutane ke rayuwa da shi a yau, a kan karnuka wasu masana biyu, Banting da Best, suka fara gwada shi a Toronto ta Kanada a 1921, kafin a yi wa yaro ɗan shekara 14 allurarsa a Janairun 1922, ya tashi daga bakin mutuwa. Amma ku malamai kuka koya mana cewa larura ana auna ta ne da gwargwadonta. Larurar neman magani ta buɗe ƙofar allura da ɗibar jini. Barin dabba da ƙishirwa, ko yanka ta ba tare da maganin barci ba don a tsimi kuɗi, wannan ba ya cikin gwargwadon.

Batun Turawa kuwa, sun zo wurin nan ne a makare, bayan dogon ta'asa. Ingila ta yi dokarta ta farko a kan gwaji da dabbobi a 1876, ta sabunta ta a 1986, inda yanzu sai an ba wurin lasisi, an ba aikin, an kuma ba mutumin da zai taɓa dabbar. Amurka sai a 1966, bayan jaridu sun fallasa dillalan da ke sace karnukan mutane suna sayar wa ɗakunan gwaji, kuma har yau waccan doka ba ta haɗa da ɓerayen da aka kiwata don bincike ba. Mu an hore mu da kada a wasa wuƙa a gaban akuya fiye da shekara dubu kafin haka. Kula da ɓera kuma bai rage wa majinyaci komai ba, Malam. Maganin da aka gwada a kan dabbar da aka kula da ita shi ne wanda za a iya dogara da sakamakonsa a ba ɗan Adam.

TAMBAYA: Ƙanena kububuwa ta sare shi a gona, aka kai shi asibitin Kaltungo, Allah Ya tashi kafaɗunsa. Daga baya na ji wai maganin daga jinin doki ake yin sa, wai har dafin ake yi wa dokin allura. Gaskiya ne? Dokin mutuwa yake yi? Daga wani manomi a Jihar Gwambe.

AMSA: Barka da arziki, ɗan'uwa, Allah Ya ƙara masa lafiya. Abin da ka ji gaskiya ne, amma dokin ba ya mutuwa. Hanyar tsohuwa ce, tun shekarun 1890 wani likitan Faransa, Albert Calmette, ya fara ta, kuma asalinta bai canza ba. Ana tatsar dafin maciji, a yi wa doki ko tunkiya allurar ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali tsawon watanni har jikin dabbar ya ƙera garkuwar da ke kashe ƙarfin dafin. Sai a ɗebi jini, a ware ruwan da garkuwar take ciki, a tace shi. Masana'antu masu kyau suna mayar wa dokin jajayen ƙwayoyin jininsa don kada ya rame, su ba shi hutu kafin a sake ɗiba. Magungunan da aka yi musamman don macizan Najeriya, masu suna EchiTAb, iri biyu ne: ɗaya daga tumaki a ƙasar Wales, na kububuwa kaɗai, ɗaya kuma daga dawaki a Kosta Rika, wanda ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa.

Dokin yana jin jiki, wurin allurar kan kumbura, wani lokaci ya yi ƙurji. Amma wanda ya fi shan wuya ba a cika ambatonsa ba. Kafin a saki magani sai an tabbatar yana aiki, kuma hanyar da aka saba ita ce a gauraya dafi da magani a yi wa ƙananan ɓeraye allura, a jira kwana ɗaya ko biyu a ƙirga waɗanda suka mutu. Wanda ya ga abin da dafin kububuwa ke yi wa babban mutum, jini ya ƙi daskarewa, ya riƙa fita ta dasashi, ya san abin da halitta mai nauyin giram 20 ke fuskanta. Yana cikin gwaje-gwaje mafi tsanani da ake yi wa dabba.

Duk da haka ba zan ce a daina ba, kuma a nan ne nake rabuwa da masu cewa a rufe ɗakunan gwaji gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sarar maciji tana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, yawancinsu manoma da makiyaya irin ƙanenka. An sha kawo Afirka magungunan da aka yi da dafin macizan wata nahiya, waɗanda ba sa aiki a kan kububuwarmu, mutane suka mutu da allurar a jikinsu. Gwajin ɓera na daga cikin abin da ke tona asirin irin waɗannan. Abin da ake iya yi, kuma an fara, shi ne rage azabar. Masu bincike a Kosta Rika sun nuna cewa ba ɓerayen maganin kashe zafi irin su tiramadol da mofin bai ɓata sakamakon gwajin dafin da suka yi ba. Ana kuma fara tace magunguna a kwalbar gwaji, ta hanyar duba ko sun hana dafi ɓata daskarewar jini, yadda sai wanda ya nuna alamar kirki ne zai kai ga dabba.

TAMBAYA: Yanzu da ake da kwamfuta mai ƙwaƙwalwa, ba za a iya daina amfani da dabbobi gaba ɗaya ba? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: Malama, an daina a wurare da yawa, kuma kina riƙe da misali ɗaya a wurin aikinki. Ɗan tsinken gwajin ciki da kike tsomawa a fitsari, kafin zuwansa zomanya ake yi wa allurar fitsarin mace, a kashe ta a duba ƙwayayenta. Daga baya aka koma wani kwaɗon ruwa na Afirka, wanda ke zuba ƙwai idan matar na da ciki, shi ba a kashe shi. A shekarun 1960 aka samu hanyar sinadarai, aka bar su duka.

Makiyaya ma suna da nasu. Rigakafin ciwon bushiya, cutar da ta share garken shanu a ƙasar nan a farkon shekarun 1890, wadda kuma yaƙi da ita na cikin dalilan kafa cibiyar binciken dabbobi ta Vom a 1924, da can a jikin awaki masu rai ake rainon ƙwayar cutar don yin sa. Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, yana aiki a Kenya, ya raine ta a ƙwayoyin ƙodar maraƙi cikin kwalba, rigakafin ya fi na da aminci da sauƙi, kuma da shi aka yi yawancin yaƙin har aka ayyana kawar da cutar daga duniya a 2011. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba tun 2013. A ƙarshen 2022 Amurka ta cire sharaɗin da ke cikin dokarta cewa dole sai an gwada sabon magani a kan dabba kafin mutum.

Amma gaba ɗaya tukuna. Kwamfuta da abin da aka riga aka sani take lissafi. Ƙwayoyin hanta a kwalba za su nuna ko magani guba ne gare su, ba za su nuna abin da zai yi wa ɗan tayi a cikin uwa ba. Maganin talidomaid, wanda aka ba masu ciki a ƙarshen shekarun 1950 ba tare da an gwada shi yadda ya kamata a kan dabbobi masu ciki ba, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Dabbar ma ba ma'asumiya ba ce: kusan tara cikin goma na magungunan da suka tsallake gwajin dabba har aka fara gwada su a kan mutane ba sa kaiwa kasuwa. Wannan dalili ne na ƙara neman sababbin hanyoyi da gaggawa, da kuma kada a yi gwajin dabba sai an tsara shi yadda zai amsa tambayar da aka yi shi dominta.

TAMBAYA: Ni mai shara ne a wani ɗakin gwaji. Idan an gama aiki wani lokaci zomaye da kaji sukan rage. Zan iya kai su gida mu yanka? Daga wani bawan Allah.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka ci, kada ka sayar, kada ka ba yara su kiwata, sai likitan dabbobin wurin ya tabbatar maka a rubuce cewa ba a yi wa dabbar allurar komai ba, ba ta kuma zauna da waɗanda aka sa wa cuta ba. Wasu sinadaran suna zama a nama da hanta, dahuwa ba ta kashe su, wasu kuma masu jawo ciwon daji ne. Gawarwakin a ƙone su ko a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba, kada a jefa a bola. Ka riƙa sa safar hannu da takunkumi wajen kwashe shimfiɗa, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Kuma tunda kai ne kake shiga ɗakin da sassafe kafin kowa, idan ka ga kwalba babu ruwa ka cika ta, idan ka ga dabba a dunƙule ba ta motsi ka sanar da mai aikin nan take, ka kuma nemi a rubuta lambar wayarsa a jikin kowane keji.